Lambar shasi ba ta sa mota ta tsufa

Kun dai ga yadda muka kwashe jiya da daddare a kan hoton wata motar Jaguar E-Type Lightweight, kuma wallahi har na wayi gari raina bai huce ba. Wani bawan Allah ya kafe kai da fata wai motar 1963 ce, hujjarsa ɗaya tak, lambar shasinta ta 1963 ce. Malam, ba motar 1963 ba ce. Ko sau ɗari za a tambaye ni, amsar ke nan.

Abin da ya faru a fili yake. A 1963 Jaguar ta ware lambobi 18 don E-Type Lightweight, mai bodin alminiyam, wadda aka yi domin tsere. Guda 12 aka ƙera, aka tsaya. Lambobi shida suka yi kwance a cikin kundin masana'anta, babu mota a gabansu, har shekara 50 da ɗoriya. Sai a 2014 kamfanin ya sanar zai ƙera shidan da suka rage, ya buga musu waɗannan lambobin, kuma motar da ke hoton tana cikinsu. An yi su da hannu a birnin Coventry na Ingila, aikin ya yi kyau matuƙa, kuma kamfanin bai ɓoye wa kowa cewa sababbi ne ba. Masu ɗauko hoto suna liƙa masa 1963 su ne matsalata.

A gidajenmu ana sa wa yaro sunan kakansa, a riƙa ce masa Abba ko Baffa don kunya. Sunan na kakan ne, babu musu. Amma yaron bai yi fataucin da tsohon ya yi ba, bai sha ranar da ya sha ba. Haka motar nan take. Ta gaji suna, ba ta gaji tafiya ba.

Bawan Allahn nan ya ce mini ai kamfani ɗaya ne ya yi su. To sai me? Wanda ya tsaya da guduma a 1963 ba shi ne ya tsaya a 2014 ba. Wani kuma ya shigo da cewa ai motocin tsere na da ɗin ma an sha canja musu inji da bodi, don haka duk kanwar ja ce. Nan ne fa mutane ba su gane ba, kuma nan nake so a tsaya a saurara.

Akwai wata Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1929, ta sake ci a 1930. An yi ta sauya mata kaya, ta yi mummunan hatsari a filin tseren Brooklands na Ingila a 1932 har direbanta Clive Dunfee ya rasu, aka sake haɗa ta. A 1990 cinikinta ya kai gaban kotu a Landan, masu saye suna cewa ba ita ba ce, tunda ƙarfen 1929 ɗin kusan duk ya tafi. Alƙali ya ce ita ce. Dalili, tarihinta bai taɓa yankewa ba, ana iya bin sawunta daga hannu zuwa hannu, daga gyara zuwa gyara. Ga mota ta rasa yawancin ƙarfenta amma tana da salsala. Ga wata kuma tana da lamba tsaf amma babu ko kwana ɗaya na 1963 a jikinta. Ta yaya za a ce daidai suke?

Shi ya sa masu wannan harka ba lambar kaɗai suke dubawa ba, kundin suke nema. Ranar da motar ta fito, lambar injin da ta fito da shi, lambar giya, kalar fenti, kalar kujeru, dilan da aka aika wa. Porsche tana da katunanta na bayanan kowace mota da ake kira Kardex. Masu tsofaffin MG da Triumph da Austin-Healey suna aikawa Gaydon a Ingila a buɗe musu tsofaffin littattafan masana'anta a ba su takardar shaida. Ferrari tana da sashe sukutum, Classiche, mai bin mota gaɓa-gaɓa kafin ya ba ta jan littafi na shaida. Lokacin da aka yi gwanjon Ferrari 250 GTO mai lamba 3413GT a 2018 a kan dala miliyan 48.4, kuna zaton baƙaƙen nan shida aka biya wa kuɗin? Guda 36 kacal aka yi daga 1962 zuwa 1964, kuma an san inda kowace ta bi. Wannan sanin aka saya.

Lamba kuwa, duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san ana iya buga ta. Na taɓa tsayawa kan wani tsohon bakanike yana shafa shasi da ɗan yatsa, ya goge da fetur, ya haska tocila a karkace, ya ce mini, "Ɗana, an ci wurin nan da giranda, dubi yadda takwas ɗin nan ta fi 'yan'uwanta zurfi." Ni ban ga komai ba sai da ya ɗora yatsana a kai. Tun ranar na daina yarda da lamba ita kaɗai.

Maganar ma ta tuna mini da 504 ɗin mahaifinmu, haɗin Kaduna. Takardunta a cikin wata jakar fata yake ajiye su ƙarƙashin katifa, har da rasit ɗin kowane juyen baƙin mai, da kwanan wata da rubutun hannunsa. Da aka sayar da motar bayan rasuwarsa, mai sayen ya karɓi makulli da takardun mallaka, ya ce sauran tarkacen mu riƙe. Jakar tana wurin Yaya Babba. Gobe in Allah ya kai mu zan je in ɗauko hotonta in nuna muku.