Guba a kan tire, asibitin dabbobi a kulle

Wai a ƙasar nan wa ke sa ido a kan gubar da ake tallanta a bakin titi? Da gaske nake tambaya. Shiga kowace kasuwa ko tasha, za ka ci karo da mai tire ko mai baro yana shela, ga maganin ɓera, ga na kyankyaso, ga na kuɗin cizo. Wani baƙin gari ne a ƙulle cikin leda, wani jan hatsi, wani ruwa ne a tsohuwar kwalbar allura. Babu suna, babu rubutu, babu wanda ya san wa ya haɗa. Kuɗinsa bai kai na burodi ba, kuma ko ɗan firamare aka aika za a miƙa masa.

Wannan sakacin ne ya kusa kashe min Duna, karen da ke gadin gidana. A bayan gari muke, inda ɓarayin awaki da na batirin mota suka mai da mutane saniyar tatsa, kuma tun da muka kawo shi ba a sake hauro mana katanga ba. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya sulale ya fita lungu. Kafin magariba ya dawo yana tangaɗi, yawu na dalala, jiki na kyarma, ga amai ga zawo, ƙwayar idonsa ta tsuke. Ashe maƙwabcinmu ne ya jiƙa kawunan kifi da fiya-fiya don ɓeraye, da gari ya waye ya kwashe ragowar ya watsar a bakin kwata, daidai wurin da yaran unguwa ke wasan langa.

Kafin in gama tantance abin da ke faruwa wani ya kwarma ihu, "Mahaukacin kare!" Nan da nan samari suka taru da gorori da duwatsu. Sai da na tsaya a ƙofar gida da katin rigakafinsa a hannu ina rantse-rantse. Na san tsoron haukan kare ba wasa ba ne, cuta ce da in ta bayyana a jikin mutum kusan babu tashi. Amma ba kowane yawu ne hauka ba. Karen da ya ci tuwonsa lafiya da rana, ya yi wasa da yara, cikin awa guda ya kama amai da karkarwa, guba ya ci. Su kuma waɗanda ba su ɗauki gora ba suka koma likitoci, wannan ya ce a ɗura masa manja, wancan ya ce madara, wata ta ce ruwan kanwa.

Masu adaidaita sahu kuwa da sun leƙo sun ga kare sai su ja abinsu. Da ƙyar wani abokina ya zo da motarsa muka shimfiɗa buhu muka sa shi, muka nufi asibitin dabbobi na gwamnati. Ƙofa a garƙame. Wani dattijo ne kawai a kan benci da rediyonsa.

"Sannu da hutawa, Baba. Likita fa?"

"Ai sun tashi tun kafin a tafi masallaci. Sai Litinin in Allah ya kai mu."

"Babu mai kwana? Ko lambar waya ba su bari ba?"

"Ɗana, ni gadi aka ba ni."

Baba bai yi min laifin komai ba, gaskiya ya faɗa. Amma a ce asibiti guda, da allo da fenti da ma'aikata masu karɓar albashi, ba a iya rubuta lambar waya ɗaya a jikin ƙofa ba? Guba tana jiran Litinin ne? Kuma kada wani ya ce maganar kare ce kawai. Wannan ƙofar ita ce za ta tarbi bazawarar da akuyarta ta haɗiyi leda cikinta ya kumbura, ita za ta tarbi mai kiwon da saniyarsa ta kasa haihuwa cikin dare. Jarinsu ke nan kacokan, kuma amsar da za su samu ita ce sai Litinin. Ba likitoci muka rasa ba. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna yaye likitocin dabbobi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana nan tun 1924 tana yin alluran rigakafi. Ilimin yana nan, tsarin da zai sa talaka ya same shi bayan ƙarfe huɗu na yamma ne babu.

Ta hannun wani mai sayar da abincin kaji muka samo lambar wani likita mai zaman kansa. Allah ya saka masa da alheri, ya fito daga gida bayan isha'i. Tambayarsa ta farko ita ce me karen ya ci, kuma ina kwalbar ko ledar. A nan ne raina ya ƙara ɓaci, domin da ya yi bayani na gane rashin rubutun nan ba ƙaramin ta'addanci ba ne. Abin da muke haɗawa mu kira maganin ɓera kala-kala ne, kowanne da hanyar kisansa. Fiya-fiya da danginta jijiyoyi suke rikitawa, cikin ɗan lokaci numfashi ya gagara, kuma makarinsu allurar atirofin ce. Wata shinkafar ɓeran jini take hana daskarewa, dabba za ta yi kwana uku zuwa biyar garau kafin jini ya fara tsiyaya ta ciki, ita kuma bitamin K1 ake ba ta na tsawon makonni. Baƙin garin nan kuwa da ya haɗu da ruwan ciki iskar guba yake fitarwa, ba shi da makari, har mai share aman ma yana iya shaƙa ya kwanta. Likita zai tsaya yana canke a kan dabbar da ke shure-shure, saboda wani ya ga dama ya ƙulla mutuwa a farar leda. Manjan da aka yi ta matsa min in ɗura, ya ce da na yi da na ƙarasa shi, don mai yana taimaka wa irin wannan gubar shiga jiki, kuma dabbar da ke karkarwa abin da aka ɗura mata huhu yake wucewa.

Ya yi masa allurai, ya sa masa ƙarin ruwa, muka kwana a tsaye. Duna ya tashi, sai dai har yanzu bai dawo da ƙarfinsa ba. Kuɗin da na kashe ya tasar wa kuɗin makarantar yaro ɗaya.

Tun a 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da Sniper da sauran magungunan ƙwari masu sinadarin dikulobos a kasuwanni da manyan kantuna, ta ce a janye ƙananan kwalabe, bayan yadda mutane suka riƙa sha suna kashe kansu, wasu kuma suna barbaɗa wa wake. Masu talla sai suka sauya dabara, su sayi babbar kwalba su ɗuɗɗura a ƙanana su sirka da abin da suka ga dama. Har labarin amaryar da ta zuba shinkafar ɓera a abinci mun sha ji a rediyo, amma washegari tiren yana nan inda yake.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa, "Haba Malam, duk wannan a kan kare?" E, a kan kare. Shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk ɗalibin islamiyya ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ba ya son kare a gidansa ba a tilasta masa ba, amma ba shi da hurumin yi min dariya ina ƙoƙarin ceton rai. Su ma masu dariyar, a kwatar nan kajin gidaje biyu suka mutu a ranar, kuma wa ya san ko an yanka wasu an ci kafin su ƙarasa?

Ban hana kowa yaƙi da ɓera ba. Ga ɓarnar hatsi, ga zazzaɓin Lassa, ni ma ba na son ganinsu. Amma in ka sa guba, ka sa ta inda yaro da dabba ba za su kai ba, ka haƙa rami ka binne ragowar da mushen. Da na tunkari maƙwabcin nawa, buɗar bakinsa sai ya ce, "To ai da ka ɗaure abinka." Na ce masa, "Alhaji, na ji, zan ɗaure kare. Jikokinka da ke rarrafe a bakin kwatar nan fa, su ma ɗaure su za a yi?" Ya shige gida ya turo ƙofa. Na riga na kai maganar gaban mai unguwa, an sa mana zama bayan sallar isha'i ranar Asabar, kuma masu kajin sun ce da su za a je.