Muna gudun gwajin magani, muna shan wanda ba a taɓa gwadawa ba

A ƙauyukan Kano da Jigawa, da zarar ma'aikacin lafiya ya ce za a gwada sabon magani a kan yara, sai iyaye su ja da baya, wani dattijo ya tuno da Pfizer, kamfanin magunguna na Amurka. Kuma ba a ga laifinsu ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta hallaka sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin ya sauka a Asibitin Zana da ke Kano, ya ɗauki yara 200, ya ba rabinsu sabon maganinsa Trovan, sauran ya ba su ceftriaxone, maganin da aka saba amfani da shi. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Kamfanin ya ce sanƙarau ce ta yi ɓarnar. Iyaye suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, daga baya kuma aka gano cewa takardar amincewar kwamitin asibiti da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama aikin. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, bayan tabon ya riga ya taimaka wajen ƙaurace wa allurar shan inna a 2003.

Amma darasin da muka ɗauka rabi ne. Ka shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ka tsaya kusa da mai magani da lasifika. Kwalba ɗaya ce maganin basir, shawara, sanyi da taifot, babu lamba, babu ranar lalacewa, jama'a na miƙa kuɗi. A kemis ɗin ƙauye kuma a zuba maka "haɗi" a leda, ƙwaya biyar ko shida masu launi daban-daban, ba kwali, ba suna. Hujjar kowa ɗaya ce: wane ya sha ya ji daɗi.

Wannan hujjar tana ruɗi ne saboda dalilai sanannu. Mura da yawancin zazzaɓin ƙwayar bairos suna tafiya da kansu cikin 'yan kwanaki. Mutum ba ya neman magani sai ciwo ya kai ƙololuwa, wato daidai lokacin da ya kusa sauka, sai maganin ya kwashe ladan. Wanda maganin ya kashe kuwa ba ya dawowa kasuwa ya ba da shaida. Likitocin Turai ma sun shafe ɗaruruwan shekaru a cikin wannan ruɗin, har aka fara kwatantawa. A 1747 James Lind ya raba matuƙan jirgin ruwa 12 masu ciwon ruɓewar dasashi zuwa gida shida, ya ba kowane gida magani daban, waɗanda suka sha lemon zaƙi da lemon tsami suka miƙe. A 1948 aka ƙara abin da ya fi muhimmanci a Ingila, wajen gwada streptomycin a kan tarin fuka: ƙuri'a ce ke zaɓar wanda zai samu maganin, ta ambulan da aka liƙe, don kada likita ya karkata ya tura masu ƙarfin jiki ɓangaren da yake fatan ya yi nasara. Cikin wata shida, mutum 4 cikin 55 da aka ba maganin suka rasu, 14 cikin 52 da aka bari a kan hutun gado kawai.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, irin wanda ke sa yaro taune-taune ko suma. Shekara da shekaru ƙarin ruwa mai maganin kwinin ne abin dogaro, kuma yana aiki. A 2010 aka fitar da sakamakon gwaji a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Cikin waɗanda aka ba kwinin, kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, a ɓangaren allurar artesunate kuwa kashi 8.5. Tazarar ba ta kai yara uku cikin ɗari ba. Babu likitan da zai gane wannan da ido a ɗakin yara na babban asibitin ƙaramar hukuma, komai ƙwarewarsa, amma in aka tara ta a daminar Arewa rayuka ne masu yawa. Haka maganin rigakafin da ake bi gida-gida da shi kowane wata da damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59: an gwada shi a ƙasashen Sahel kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Gwajin ne ya tsayar da cewa kwana uku ake sha. Uwar da ta bar yaro ya sha na ranar farko a gaban ma'aikaciya, ta ajiye na kwana biyun a saman kwaba, ba maganin da aka gwada ta ba shi ba.

Akwai kuma kuskuren da ba na ƙwayar maganin ba ne, na ruwan da aka narka ta a ciki ne. Ana haɗa sirof da gilisirin ko makamancinsa. Akwai wani sinadarin masana'antu, diethylene glycol, mai zaƙi, mai arha, da ke kama da shi sak, amma yana kashe ƙoda. Ya kashe sama da mutum 100 a Amurka a 1937, abin da ya sa aka yi dokar 1938 da ta tilasta nuna amincin magani kafin sayarwa. Shi ne ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan a 1990 ta sirof ɗin farasitamol, shekara uku kafin kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Shi ne a cikin My Pikin, maganin haƙori da ya ci yara 84 daga ƙarshen 2008, shi ne kuma a Gambiya a 2022. Abin takaici ne a ce guba ɗaya ta yi ta dawowa tsawon shekara 85, alhali gwajin ɗakin bincike na gano ta.

Don haka in aka zo da bincike gari, bai kamata mai gari ko dagaci ya tsaya a kan "mun yarda" ko "ba mu yarda ba". Ya nemi ganin takardar kwamitin ɗa'ar bincike da ta NAFDAC, ya duba kwanan watansu. A karanta wa kowane uba da uwa bayanin da Hausa, a gaban shaidar da ba ma'aikacin binciken ba, domin amincewar dagaci ba ta maye gurbin tasu. A tambaya: wanda bai faɗa ɓangaren sabon magani ba, me za a ba shi, kuma cikakken awo ne? In yaro ya sami illa, wa zai biya jinya? Wanda ya ƙi, ko ya janye a tsakiya, dole a ci gaba da duba shi kamar kowa. Mai binciken da ya ji haushin waɗannan tambayoyin, shi ne za a sallama.

Tambayar da ta dace da mai kemis ta fi sauƙi: ina kwalin, ina lambar NAFDAC, ina lambar rukunin da aka haɗa shi? In kuma yaro ya sha sirof ya fara amai, fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke tsawon yini, a dakatar da maganin, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da kwalbar da kwalinta. Da lambar da ke jikinsu ake bin sawun sauran kwalaben a janye su daga kasuwa.