Ɗan Majalisa Ma Ana Iya Yi Masa Kiranye

A teburin mai shayi a Gombe na sha jin ana cewa idan ɗan majalisa ya ci zaɓe ya manta da mazaɓarsa, sai haƙuri har shekara huɗu. Ba haka ba ne. Sashe na 110 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da damar yi wa ɗan majalisar jiha kiranye, sashe na 69 kuma na tarayya. Fiye da rabin masu rajista a mazaɓar ne za su sa hannu a takardar koke zuwa INEC, ta tantance, sannan a kaɗa ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Tara sa hannun nan kam jan aiki ne. Gwamna shi ba a yi masa kiranye, tsige shi aikin majalisar jiha ne.