Ƙugiyar da ke cikin loma

'Yan uwana matasa, akwai wani tsuntsu da ake kira albatros, mazaunin tekun kudancin duniya, can inda sanyi da iska ba sa hutawa. Yana sheƙa a tsibirai irin su Jojiya ta Kudu. In ya buɗe fikafikansa, faɗinsu kan haura mita 3, babu tsuntsun da ya kai shi a yau. Allah ya yi masa wata jijiya a kafaɗa mai riƙe fiffike a buɗe, sai ya hau iska ya yi ta shawagi na sa'o'i bai kaɗa ba. Ruwan teku yake sha, gishirin ya fita ta hanci.

Tsuntsu ne marar gaggawa. In ɗansa ya bar sheƙa, yakan yi shekaru a teku bai taka ƙasa ba, kuma sai ya kai wajen shekara 10 kafin ya fara haihuwa. Ƙwai ɗaya tak, shi ma sai bayan shekara biyu. Namiji da mace ke karɓa-karɓar kwanci kusan mako 11.

Duk wannan baiwa, loma ɗaya ke gamawa da shi. Jiragen kamun kifi kan saki igiya mai tsawon kilomita da yawa, ɗauke da dubban ƙugiyoyi, kowace da ɗan nama. Ya hango abinci a banza, ya cafka, igiya ta ja shi ƙasan ruwa ya nutse.

Shi dai yana da uzuri, bai san ƙugiya ba. Mu fa? Mun ga waɗanda aka ce su zuba dubu goma su karɓi ashirin a mako, mun ga yadda suka ƙare. Mun ga saurayin da ya sayar da babur ɗin sana'arsa ya zuba a cacar waya. Wallahi abin yana ci mini rai, don yawancinsu yara ne masu ƙoƙari, shekarun wahalarsu ne suka tafi a dare ɗaya. Kafin ka tura kuɗin nan, ka tambayi mai tallan daga ina ribar take fitowa. In ya hau kame-kame, ka riƙe abinka.

A can tsibirin kuma, ɗan tsako yana buƙatar ciyarwar iyaye biyu har kusan wata tara. In ƙugiya ta tafi da ɗaya, da wuya ɗayan ya iya shi kaɗai. Kai ma akwai mahaifiya da ƙanne a gida da ke jiran abin da za ka shigo da shi da yamma.