Yawan Albarushi Ba Shi Ne Saiti Ba

A hirar tsofaffin maharba a Agege, nan Legas, na sha jin ana cewa yawan albarushi a kwanson harsashi yana ƙara saiti. Tunanin yana da dalili, domin harsashin yakan ƙara gudu. Sai dai matsin iskar da ke cikin bindiga yana hauhawa fiye da gudun, har ya iya tsaga kwanso ko ya raunata mai harbi. A Amurka, masu cika ƙaramin harsashin doguwar bindiga irin wanda ake kira .223 Remington don harbin dabbobin da ke ɓarna a gona suna auna albarushi da sikeli mai gane abin da bai kai gram 0.01 ba, kuma sau da yawa awon da bai kai ƙarshen iyaka ba ne yake tara harbi wuri ɗaya.