Mu dai karɓa kawai aka iya yi mana

Jiya da hantsi yaron haraji ya sake tsayawa a bakin shagona da ɗan littafin rasit, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Alhaji, na wata." Na biya, don in ban biya ba gobe zan tarar da kwaɗo a ƙofa. Da ya miƙo takardar sai na nuna masa kwatar gabanmu, wadda ta toshe da leda da baƙin ruwa tun damunar bara, na ce, "Ɗan nan, wannan fa?" Ya ce shi karɓa aka aiko shi. Gaskiyarsa. Da waɗanda suka aiko shi nake.

Kuɗin shago, kuɗin allo, kuɗin shara, ga tikitin mai baron da ke ɗauko mini kaya, wanda a kaina yake ƙarewa. Kuɗin sharar nan ne ya fi ƙona mini rai. Muna biya, amma ranar Lahadi mu ne ke yin karo-karo mu ɗauki yara da shebur su kwashe bolar. To wane ne yake cin na farkon?

Na sama ma ba su raga mana ba. Tun 2020 harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kayan da ka saya, ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Ka tura naira 10,000 ta banki, a zare 50. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, aka ce mu yi haƙuri, rarar za ta dawo mana ta hanyar ayyuka. Kason jihohi ya ƙaru, kuɗin mota ya ninka, kwatarmu tana nan tana wari. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, har shewa aka yi a kasuwa. Ni dai ko ta wace ƙofa kuɗin ya shigo, tambayata guda ce: nawa ne, kuma me aka yi da shi?

Na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu da takarda a rubuce, saboda ɗana ya gaya mini dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce a ba mai tambaya amsa cikin kwana 7. Zuwan farko, oga ba ya nan. Na biyu, fayil yana sama. Na uku wani ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, kai ɗan jarida ne?" Haba! Sai na zama ɗan jarida kafin in tambayi kuɗina?

Kwamitin masallacin unguwarmu, da ba su da kwamfuta ko akanta, duk ƙarshen wata bayan sallar isha'i sai ma'aji ya miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, har kuɗin man janareta. Uwar adashi ma tana da littafi. Me zai hana a kafa allo a ƙofar sakatariya a rubuta kason wata, da harajin kasuwa, da sunan ɗan kwangila, da ranar gama aiki? Fenti ne babu, ko allon?

Rasit ɗina na shekara uku suna nan cikin leda a ƙarƙashin kanta. Ranar Litinin zan koma karo na huɗu, kuma da su zan tafi.