Sakamakon ɗalibi ba "na nawa ka zo?" kaɗai ba ne

A Katsina, da yaro ya shigo gida da katin sakamako, tambayar farko ita ce: "Na nawa ka zo?" Iyaye da yawa sun ɗauka jarrabawar ƙarshen zango ce kaɗai ke ba da maki. Ba haka ba ne. Ana tara makin gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida, sannan a haɗa da na jarrabawa. Shi ya sa yaron da ke fashi ran gwaji yake iya faɗuwa ko da yana da ƙoƙari.

Matsayi kuwa kwatanci ne da 'yan ajinsu kawai. Yaro zai iya zuwa na uku alhali makinsa a darasin lissafi 38 ne cikin 100. Don Allah a buɗe katin, a bi darussa ɗaya bayan ɗaya, a karanta abin da malamin aji ya rubuta a ƙasa.